Ƙaramin kifin zaki a tankin lita 60: zai yiwu ko in haƙura?

Baban Hanan (Jidda)
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Dan Allah shawara nake nema kafin in kashe kuɗina. Ina da ƙaramin akwariyum na ruwan gishiri lita 60, akwai duwatsun murjani da yashi a ciki, filta ta ratayawa guda ɗaya da ɗan famfo mai kaɗa ruwa, kifi biyu ne a ciki yanzu, 'yan kilawun ɗin nan masu ruwan lemo da farin zane, sai jatan lande guda ɗaya mai jan baya. Toh jiya na shiga wani shago na ga kifin zaki amma irin ƙaramin, mai shagon ya ce Dendrochirus ne, ba ya girma irin waɗanda ake gani a Fakieh Aquarium, tsawonsa yanzu bai wuce ɗan yatsana ba kuma wlh ya shiga raina sosai. Ya ce min lita 60 ta ishe shi har ya mutu. Tambayata biyu ce, da gaske zai zauna a ciki? sannan dafin nan nasa yaya yake, don ina da yara ƙanana a gida.

Admin
Wa alaikumus salam. Injiniya ina kake, ga irin naka ya zo.

Ɗan Garwa
ni dai ban gane ba, kifin da ba ci za a yi ba kuma ga dafi, mutum ya sa kuɗinsa ya kawo shi falo? mu nan in ƙurungu ya soki mutum zagi yake sha kafin ya shiga tukunya hhh

Injiniya (Abuja)
Wa alaikumus salam Baban Hanan. A taƙaice kar ka saya, ba a wannan tankin ba. Amma bari in maka bayani kar ka ce gwiwa kawai na kashe maka.

Mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce Dendrochirus ƙanana ne, sai dai ƙanana ne in an gwada su da babban kifin zaki, Pterois volitans, wanda yake wuce santimita 35. Waɗanda aka fi samu a shago kala uku ne. Akwai brachypterus mai ɗan gajeren jiki da gashi-gashi a fuska, yana kai santimita 15 ko ya ɗan wuce. Akwai zebra mai zane-zane, shi yakan kusanci 20. Sai biocellatus mai dogon gashin baki guda biyu da ɗigo biyu kamar ido a fiffiken baya, shi ne autansu, wajen santimita 12 zuwa 13, kuma shi ya fi kowa taurin kai wajen cin abinci. Ko shi autan nan masu kiwo lita 110 zuwa sama suke ba shi, sauran biyun kuwa a nemi 150 zuwa 200. Kai kuma 60 ɗin da aka rubuta a kwali ba 60 ba ce, cire dutse, cire yashi, cire ɗan wurin da ka bari a sama, in ruwanka ya kai lita 45 ka gode Allah.

Sannan jatan landen nan naka shi ne tuwon darensa na farko. 'Yan kilawun kuma duk ranar da suka yi daidai da bakinsa sun tafi, in ba bana ba baɗi.

Baban Hanan (Jidda)
Ikon Allah. Amma Injiniya na lura kifin ba ya yawo fa, na daɗe tsaye a kansa yana maƙale a ƙasan dutse kai a ƙasa ko motsi bai yi ba. Me zai yi da lita 200 kifin da ba ya iyo?

Injiniya (Abuja)
Nan ne kowa yake faɗawa rami. Ba don iyo ake ba shi ruwa mai yawa ba, ruwan nan shi ne ɗakin kwanansa kuma shi ne masansa. Kifin da ke cin nama kashinsa da fitsarinsa amoniya suke zama, amoniya kuwa ko kaɗan ce tana ƙona masa kunnuwan da yake numfashi da su. Baktiriyar da ke zaune a jikin dutse da cikin filta su ke juya ta zuwa naitarait, wasu kuma su juya naitarait zuwa naitiret wanda ya fi sauƙi amma shi ma taruwa yake sai ka canza ruwa. Kilawun ɗinka 'yan tsaba suke ci kaɗan kaɗan kullum, baktiriya suna bin su a hankali. Shi wannan sau biyu ko uku a sati zai haɗiye jatan lande sukutum, bayan kwana ɗaya ko biyu ya sauke maka kaya gaba ɗaya a lokaci ɗaya, wani sa'in ma ya amayar da abincin cikin dare ya ruɓe a bayan dutse kana barci. A lita 200 abin ya narke ba a ji ba, a lita 45 sai ka tashi da safe ka ga ruwa ya yi hazo kifi yana haki.

Ga kuma gishiri. Ruwan teku giram 35 ne a kowace lita, a ma'auni kana neman 1.025 ko kusa da haka. Ruwa yana bin iska amma gishiri ba ya bi, in lita 2 ta ƙafe daga 45 ka tashi daga 35 zuwa sama da 36 da rabi, kuma a ɗakin da esi ke aiki dare da rana lita 2 ba wani abu ba ce. Shi ya sa ake cikawa da ruwan da aka tace mara gishiri kullum, ba ruwan gishiri ba.

Sarkin Nano
Da izininka Injiniya ni ban yarda ba gaba ɗaya. Ina da brachypterus a lita 75 ya fi shekara kuma lafiyarsa ƙalau, kala ta fito, yana ganina ya taso gaban gilashi yana jiran abinci. Ku kullum sai ku riƙa tsorata sababbi da manyan lambobi har mutum ya ji in ba shi da tankin da ya kai girman mota to kar ya fara. Sharaɗi ne kawai, shi kaɗai a ciki ba kowa, skima mai kyau (na'urar da ke tsame datti daga ruwa ta hanyar kumfa), canjin ruwa kashi 20 cikin ɗari duk sati ba fashi, kuma kar ka cika shi da ci. Ba kowa ne ke da ɗakin ajiye lita 200 ba musamman mu da muke zaman haya a ƙasar mutane.

Injiniya (Abuja)
Sarki ai kai ka ba da amsar da kanka. Shi kaɗai, da skima, ba fashi ko sati ɗaya. Baban Hanan yana da kifi biyu da jatan lande, ba shi da skima, tankinsa bai kai naka ba. Kuma in tambaye ka, in ka tafi gida hutu wa yake canza maka ruwan? Kifin nan shekaru yake yi ba shekara ba, naka yanzu ya kai nawa a tsawo?

Sarkin Nano
wajen santimita 10. Hutu kuma akwai wanda nake bar wa mukulli. Ni abin da nake cewa kar a ce ba zai yiwu ba, a ce yana da wuya.

Injiniya (Abuja)
To saura santimita 5 a gaba, kuma kifi in ya ƙara rabin tsawonsa nauyinsa ninkawa yake sama da sau uku, kashin ma haka. Mu haɗu baɗi war haka ka ba mu labari.

Kawu (Fot Sudan)
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba na kiwon kifi a gilashi, jikana ne ya sa ni a nan don ya san ina son maganar teku. Maganar dafi zan yi. Mu da muka tashi a bakin Bahar Maliya wannan kifin mai fukafukai ba baƙo ba ne, yana shiga raga, kuma ba ya kai wa mutum hari, kai ne za ka kai hannunka wurinsa. In ya ji tsoro sai ya sunkuyar da kai ya miƙe ƙayoyin bayansa wajenka ya tsaya, ba ya gudu, don ya san abin da yake ɗauke da shi. Na ga ƙato majiyi ƙarfi yana cire kifi daga raga ƙaya ɗaya ta same shi a babban yatsa, ya zauna a ƙasan jirgi yana hawaye yana jijjiga hannu, zafin ya hau har kafaɗa, yatsan ya kumbura ya yi baƙi-baƙi a wurin sukan. Bai mutu ba, washegari ma ya fito, amma yatsan ya daɗe bai koma daidai ba. Wanda muke tsoro da gaske shi ne kifin dutse, wanda ke kwance a ruwa mara zurfi ba ka bambanta shi da dutsen da gansakuka ta rufe, shi in ka taka sai asibiti. Kuma ɗana ka sani ko kifin ya mutu ƙayar tana aiki, da yawa a kan matacce aka soke su.

Baban Hanan (Jidda)
Allah ya ƙara lafiya Kawu, nagode. To in ya faru me kuke yi?

Kawu (Fot Sudan)
Ruwan zafi. Masunta sun san wannan tun kafin a haife ni. In a jirgi ne a ɗora buta, in babu a nemi ruwan ɗumin da ke fitowa daga inji.

Ɗan Garwa
Kawu irin maganin kunamar ruwa kenan ta Binuwai, mai faɗin nan da ƙaya a wutsiya, duk da yanzu ta yi wuyar gani. Amma mu tsofaffi cewa suke a ɗaure sama da wurin da igiya a tsaga a matse jinin, wasu har fetur suke zubawa

Maman Sadiq (ma'aikaciyar jinya)
Dan girman Allah kar wanda ya ɗaure, kar wanda ya tsaga, kar a tsotsa, kar a zuba fetur ko kananzir. Abin da Kawu ya faɗa shi ne daidai, bari in ƙara masa ƙa'ida don kar a je gyara a ɓata.

Dafin irin waɗannan kifayen furotin ne, kuma ruwan zafi yana rage raɗaɗin sosai. Da farko a cire zobe ko agogo tun kafin hannu ya kumbura. A wanke wurin, in ana ganin guntun ƙaya a waje a zare shi a hankali. Sai a tsoma hannun a ruwa mai zafin digiri 40 zuwa 45, minti 30 har zuwa 90, ana ƙara na zafi in ya huce. BA tafasasshe ba. Ka gwada ruwan da ɗaya hannun mai lafiya ko wani ya gwada maka, saboda wurin da aka soka ba ya jin zafin ruwa daidai, mutum yana iya ƙona fatarsa bai sani ba, sai a zo asibiti da ciwo biyu. A sha maganin rage zafi. Bayan haka a je asibiti ko da an ji sauƙi, a duba ko ƙaya ta karye a ciki, a duba maganar allurar tetanus, sannan ruwan teku yana da nasa ƙwayoyin cutar da ke sa rauni ya ruɓe. In kuwa aka ga jiri, amai, numfashi yana wahala, fuska ko leɓe suna kumbura, ko yaro ne, ko mai ciwon zuciya, ba a tsaya jiran ruwa ya yi zafi, a tafi kawai.

Kifin dutse shi yana da allurar kashe dafi, a Ostireliya ake yin ta tun 1959, amma ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. Wannan ko kyauta aka ba ka kar ka kawo shi gida.

Admin
Na maƙale saƙon Anti Maman Sadiq a sama. Kowa ya karanta.

Injiniya (Abuja)
Ƙari kaɗan, ƙayoyin dafin ba a fukafukan gefe masu kyan nan suke ba, waɗancan ado ne da tarko, da su yake kora ƙananan kifi zuwa lungu. Masu dafin su ne 13 a gadon baya, ɗaya-ɗaya a fukafukan ciki guda biyu, sai na ƙasa kusa da wutsiya. Kuma a ƙaramin tanki nan matsalar take, in ka sa hannu za ka goge gilashi ko ka gyara dutsen da ya faɗi babu inda kifin zai matsa, babu inda hannunka zai matsa. A babban tanki wani ya tsaya yana kallon kifin yana gaya maka ga shi can, kai kana aiki a ɗaya gefen. A lita 60 duk inda ka sa hannu yana kusa. Safar hannu ta roba kuma ba ta tare ƙaya. Kada a kama shi da raga ma, ƙayoyin sarƙewa suke, da robar abinci mai murfi ake kamawa.

Maman Sadiq (ma'aikaciyar jinya)
Baban Hanan shekarun yaran nawa? tankin yana da murfi?

Baban Hanan (Jidda)
Babbar tana aji biyu, ƙaramin bai shiga makaranta ba tukuna. Babu murfi Anti, a buɗe yake a kan wani ɗan teburi, kuma gaskiya ƙaramin yana jan kujera ya hau ya leƙa.

Maman Sadiq (ma'aikaciyar jinya)
To ni a nan na tsaya. Maganar lita da gishiri ku kuka sani, amma yaron da ke jan kujera da kifin da ya saba tasowa sama in ya ga hannu don yana zaton abinci ne, ban ga yadda za a haɗa su gida ɗaya ba murfi mai mukulli ba. Ka tambayi Maman Hanan ma ka ji me za ta ce, ita ke wuni da su.

Ɗaliba a Malesiya
Sannunku. Yaya Baban Hanan akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ya fi kashe kifayen nan a hannun mutane, wato ci. Kusan dukansu daga teku ake kamo su, ba haifaffun tanki ba ne, abin da suka sani shi ne abu mai rai yana motsi. Ka jefa masa tsaba ko daskararren jatan lande ya nutse a gabansa ko kallo bai ishe shi ba. Sai an fara da ƙananan jatan lande masu rai, sannan a koya masa a hankali, a soke guntun nama a bakin siririn tsinke mai haske irin na roba a riƙa kaɗa shi gabansa kamar yana iyo, da magariba lokacin da yake farauta, a bar shi da yunwa kwana biyu uku a sake gwadawa. Wani ya karɓa cikin sati biyu, wani wata da watanni, wani biocellatus ɗin har ya rame ya mutu bai karɓa ba.

Kuma kar a ce za a riƙa ba shi 'yan jajayen kifin ruwan daɗi da ake sayarwa da arha, suna da wani sinadari mai lalata bitamin B1, kitsensu ma ba irin wanda kifin teku ke buƙata ba ne. Haka in aka dage kan abu ɗaya tak kullum, masu kiwo sun sha ganin muƙamuƙinsa ya riƙe ya kasa buɗe baki. Sai an riƙa sauyawa, yau jatan lande gobe guntun kifin teku jibi sikwid, dabbar tekun nan mai laushin jiki da hannaye da yawa.

Duk wanda zai saya ya ce wa mai shago ya ba shi abinci a gabansa. In ya ce ai yanzu ya ci, ka ce za ka dawo jibi.

Sarkin Nano
Wannan gaskiya ne, nawa ma sai da aka sha fama kafin ya yarda da tsinke. Amma ku da kuke Jidda ai kasuwar kifi na kusa, jatan lande ɗanye ba ya yanke muku, a yanka ƙanana a sa a firiza shikenan.

Ɗaliba a Malesiya
Eh amma a wanke kuma kar a sayi wanda aka jiƙa da maganin hana lalacewa. Wani abin kuma, a wasu wurare a Filifin da Indonesiya har yanzu akwai masu fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don kifi ya suma su ɗauka, doka ta hana amma ba a daina ba, irin wannan kifin yakan yi kyau a shago ya ci abinci ma, sai ya mutu bayan 'yan makonni mutum yana ta zargin ruwansa. Sannan dangin kifin zaki da kifin kunama ba sa jure maganin da ke da jan ƙarfe a ciki wanda ake sa wa sauran kifi in farin ƙurji ya kama su, a kula da wannan.

Mai Tarwaɗa (Kano)
Jama'a ina bin ku a hankali. Ni tarwaɗa nake kiwo a kwalbati amma abin nan ya fara burge ni. A Kano zai yiwu kuwa? ko mu sai kallo a waya

Injiniya (Abuja)
Alhaji zai yiwu amma ba kifi za ka fara saya ba, wuta za ka fara saya. Tarwaɗarka tana haɗiyar iska daga sama, ko ruwa ya zama kunu tana nan. Kifin teku ba haka ba, ruwan gishiri dama iskar da yake riƙewa ba ta kai ta ruwan daɗi ba, in ya ɗumama ta ƙara raguwa, famfo ya tsaya awa kaɗan a ƙaramin tanki sai gawa, baktiriyar filta ma mutuwa suke. Dole inbata da batir ko sola wanda ba ya yankewa, da ɗan famfon iska mai batir a ajiye. Sai zafi, ana son ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 27, kai kuma ka san Kano a watan Afrilu, 40 ake wucewa, ɗaki ba esi ruwan zai haura 30 cikin sauƙi. Ko na'urar sanyaya ruwa, ita ma wuta take sha, ko fanka a saman ruwa wadda ke rage digiri biyu zuwa uku amma tana ƙafar da ruwa kamar me. Lokacin hunturu kuma da asuba sai ka nemi hita. Gishirin ma ba na miya ba ne, na musamman ne mai kalsiyam da magnisiyam da sauransu, daga waje ake kawowa, yawanci ta Legas. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma sai an tace shi da injin RO irin na masu fiya wata.

Ka fara da lita 150 zuwa sama da kifi masu sauƙi, ka bar tankin sati 4 zuwa 6 ba kifi har amoniya da naitarait su koma sifili. Mai dafi sai daga baya.

Mai Tarwaɗa (Kano)
Tab. Bari in ci gaba da tarwaɗata tukuna.

Baban Hanan (Jidda)
Toh wani tunani ya zo min. In na saya na riƙe shi yanzu da yake ƙarami, in ya girma ya fi ƙarfin tankin sai in kai shi Abhur in sake shi a teku, ai gidansu ne ko?

Ɗaliba a Malesiya
A'a Yaya dan Allah. Ba lallai ne gidansu ba. Bahar Maliya tana da nata ƙaramin kifin zakin, Dendrochirus hemprichi, sai a 2017 ma aka tabbatar jinsi ne daban. Na shago akasari daga wani teku can aka ɗauko shi, ya zauna a tankuna da kifayen ƙasashe daban daban, Allah kaɗai ya san cutar da ya kwaso. Ka duba abin da ya faru a Amurka, a 1985 aka fara ganin kifin zaki a gaɓar Florida, inda ba a taɓa saninsa ba, kuma abin da aka fi zargi shi ne masu akwariyum da suka saki nasu. Yau ya cika tekun Karebiyan da mashigin Meziko ya gangara har Barazil, yana cinye 'ya'yan kifi, ba abin da ke cinsa sosai a can, har gasar kashe shi ake shiryawa ana roƙon mutane su ci namansa. Florida ta hana shigo da Pterois mai rai a 2014. A Bahar Rum ma Pterois miles ya bi ta mashigin Suwez ya shiga, tun wajen 2012 yake yaɗuwa a Labanon da Kubrus da Turkiyya da Girka.

Ɗan Garwa
tsaya tsaya, kika ce ana ci??

Kawu (Fot Sudan)
Ana ci mana ɗana. Dafin a ƙaya yake ba a nama ba, a sa almakashi a yanke ƙayoyin a binne su inda yaro ba zai taka ba. Naman fari ne mai laushi.

Malam Na Zariya
Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Ajiye dabba don sha'awa malamai ba su hana ba matuƙar za a ba ta haƙƙinta, amma mu tuna hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Wanda ya san ba zai iya hidimar ba, barinsa a shago ya fi.

Sarkin Nano
Malam a shagon ma ai a cikin ɗan akwati yake wanda bai kai lita 20 ba. Amma na ji.

Baban Hanan in dai irin wannan yanayin kake so, kifi mai zama shiru yana kwanton ɓauna, nemi kifin ganye, Taenianotus triacanthus. Santimita 10 ne iyakarsa, jikinsa a shafe yake, yana zaune kan dutse yana rangaji hagu da dama yadda ruwa ke kaɗa busasshen ganye, yana zuwa da ruwan ɗorawa da ja da ruwan hoda da fari, lokaci lokaci ya saɓule fatarsa gaba ɗaya ya fito sabo. Dafinsa bai kai na kifin zaki ba.

Injiniya (Abuja)
Ya fi dacewa da ƙaramin tanki kam, amma bai kai ba ba yana nufin babu ba, kuma wajen ci ya fi zakin ma wahala, da yawa ba sa barin abu mai rai har abada, ga shi ba ya bin abinci sai abinci ya zo gabansa, kilawun za su riƙa rigansa. Jatan landen nan dai a kowane hali ya tafi. Ni da zan ba da shawara in dai kalmar dafi ce ke burge mutum, akwai Meiacanthus, 'yan siraran kifi masu dafi a haƙoran ƙasa, ba ƙaya ba. Ba mafarautan kifi ba ne, suna cin daskararren abinci da tsaba, ana samun haifaffun tanki, kuma cizon kare kai ne kawai. A 2017 masu bincike suka gano dafin nasu yana saukar da hawan jinin kifin da ya haɗiye su ne sai ya rikice ya tofo su. Amma shi ma mai yawo ne, ya fi son lita 100, kuma yana tsalle ya faɗo waje, kenan murfi dai dole.

Baban Hanan (Jidda)
Duk hanyar da na bi sai ta dawo da ni kan murfi da babban tanki hhh. Na yi wa Maman Hanan maganar, amsar da ta ba ni ba sai na kawo ta nan ba. Zan sa a yanka min murfi wannan satin. Maganar babban tanki sai mun ga yadda sabon gida zai kasance, in an samu wuri brachypterus zan nema shi kaɗai kamar yadda Sarki ya ce.

Injiniya (Abuja)
Madalla. Murfin ya zama na raga ko mai ramuka, kar ka toshe shi da gilashi ruf iska ta kasa shiga. Kafin nan ka auna min naitiret da gishirin wannan tankin ka turo.

Baban Hanan (Jidda)
Na auna yanzu. Naitiret kalar tana tsakanin 20 da 40, gishiri kuma 1.029 ma'aunin ya nuna. Da ruwan gishiri nake cikawa in ya ragu.

Injiniya (Abuja)
Ka daina daga yau, ruwan RO zalla za ka riƙa cikawa da shi. Kuma kar ka sauke shi zuwa 1.025 dare ɗaya, jatan lande ba ya jure canji na farat ɗaya, ka ɗebi lita ɗaya ka mayar da lita ɗaya mara gishiri kullum kana aunawa har ya sauko. Wane irin ma'auni ne ma, na roba mai allura ko wanda ake ɗiga ruwa a leƙa?

Baban Hanan (Jidda)
Mai allura ne.

Sarkin Nano
Wanke shi da ruwan daɗi ka sake aunawa, ka ɗan ƙwanƙwasa gefensa, in kumfa ta maƙale a jikin allurar ƙarya yake yi maka.